Cai Gongshi: Jakadan da Aka Kashe a Ƙasarsa Ranar da Ya Kama Aiki

Ɗalibai, a yadda muka saba ji, jakada mutum ne da gwamnatinsa ke turawa wata ƙasa domin ya yi magana da yawunta. Mutumin da muka kawo muku tarihinsa a wannan mako kuwa a cikin ƙasarsa ta haihuwa aka naɗa shi aikin jakadanci. A cikinta kuma sojojin wata ƙasa suka kashe shi, tare da ma'aikatansa 16, a daren ranar da ya fara zama a ofis. Sunansa Cai Gongshi, ɗan ƙasar Sin, kuma abin ya faru ne ranar 3 ga Mayu, 1928 a birnin Jinan. Da yake mu a Hausa harafin "c" shi ne na "ciki" da "cokali", sai mu lura cewa su Sinawa "Tsai" suke kiran sunan.

Tambayar da za ta fara zuwa ran mai karatu ita ce, me zai sa ƙasa ta buƙaci jakada a cikin gidanta? Amsar tana cikin halin da Sin ta samu kanta a lokacin da Cai ya taso.

An haife shi a 1881 a Jiujiang, wani gari da ke bakin kogin Yangtze a lardin Jiangxi. Sarakunan daular Qing ne ke mulki, amma mulkin ya zama na suna. Tun daga yaƙin da Ingila ta ci Sin a 1842, ƙasashen waje suka riƙa tilasta mata sa hannu a yarjejeniyoyi ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe musu tashoshin jiragen ruwa, aka yanka musu unguwanni da suke mulka da kansu, aka kuma amince cewa idan baƙo ya yi laifi, alƙalin Sin ba shi da hurumin yi masa shari'a, sai dai ƙaramin jakadan ƙasarsu. Garin su Cai kansa yana da irin wannan unguwa ta Ingilawa. Saboda haka duk babban lardin da baƙi suka yi yawa sai da jami'i na musamman wanda aikinsa shi ne zama da ƙananan jakadun ƙasashen waje ana sasanta rigingimu. Irin wannan kujera ce Cai ya hau daga baya.

Yana ɗan shekara 14, a 1895, Jafan ta ci Sin da yaƙi ta karɓe tsibirin Taiwan. Wannan ya fi duk na baya ciwo, domin Jafan maƙwabciya ce ƙarama wadda ta ari rubutu da ilimi daga Sin shekaru aru-aru. Abin mamaki, maimakon matasan Sin su juya mata baya, sai suka yi ta kwarara can neman ilimi, suna son su gano sirrin da ya sa ta tashi su suka kwanta. Dubban ɗalibai suka cika makarantun Tokiyo a farkon ƙarni na 20. Cai yana cikinsu. A can ya ƙware a Jafananci, a can kuma ya shiga ƙungiyar Tongmenghui wadda Dakta Sun Yat-sen ya kafa a Tokiyo a 1905 da nufin kifar da sarauta a kafa jamhuriya.

Sarautar ta faɗi a juyin juya halin 1911, kuma Cai ya riƙe muƙami a sabuwar gwamnatin lardinsu. Murnar ba ta daɗe ba. Janar Yuan Shikai da ya zama shugaban ƙasa ya fara mulkin kama-karya, mutanen Sun suka yi masa bore a 1913 aka murƙushe su, Cai ya sake tsallakawa Jafan gudun hijira, inda ya karanta siyasa da tattalin arziki. Da ya dawo ya ci gaba da bin Sun duk inda ya sa ƙafa, har zuwa rasuwarsa a Bejin a watan Maris na 1925. Ke nan Jafan ta ba shi ilimi, ta kuma ba shi mafaka lokacin da gida ya gagare shi. Ku riƙe wannan, don zai yi amfani nan gaba.

Lardin da kowa ya sa wa ido

Yanzu sai mu koma wurin da abin ya faru. Jinan ita ce babban birnin lardin Shandong da ke gabashin Sin, lardin da aka haifi shahararren malamin nan Confucius. A 1898 Jamus ta karɓi gaɓar tekun Qingdao haya na shekara 99, ta kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga can zuwa Jinan, wadda aka gama a 1904. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Jafan ta kori Jamusawa ta zauna a gurbinsu.

Sin ta goyi bayan ƙasashen da suka ci wancan yaƙi, har leburorinta kimanin 140,000 suka je Turai suka yi aikin haƙa ramuka da dako, da yawansu 'yan Shandong. Don haka ta sa rai za a mayar mata da lardinta a taron sulhu na Faris a 1919. Sai manyan ƙasashe suka miƙa wa Jafan haƙƙoƙin da Jamus ke riƙe da su. Ranar 4 ga Mayu na wannan shekara ɗalibai suka fito zanga-zanga a Bejin, ta bazu ko'ina cikin ƙasar har da 'yan makarantun sakandare irinku, wakilan Sin kuma suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar. Sai a 1922, bayan wani taro a Washinton, Jafan ta mayar da Qingdao. Duk da haka 'yan kasuwarta suka ci gaba da zama, kuma a 1928 akwai Jafanawa fararen hula kimanin 2,000 a Jinan.

A wannan lokaci Sin ta rarrabu a hannun janarori, kowa da yankinsa da sojojinsa da harajinsa. Jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Kuomintang, wadda Sun ya bari, ta ɗaura aniyar haɗe ƙasar da ƙarfin soja. Tun 1926 rundunarta ta taso daga kudu ƙarƙashin Janar Chiang Kai-shek, ta kafa gwamnati a Nanjing, a watan Afrilu na 1928 kuma ta nufi Bejin. Hanyar ta Jinan take bi.

Firaministan Jafan, Tanaka Giichi, wanda shi ma janar ne, ya ce zai aika sojoji su kare 'yan ƙasarsa. Gaskiya ne yana da abin da zai kafa hujja da shi, domin a watan Maris na 1927, lokacin da sojojin Kuomintang suka shiga Nanjing, wasu daga cikinsu sun wawashe ofisoshin ƙananan jakadu har da na Jafan. Sai dai Sinawa ba su yarda cewa kariya ce kaɗai manufar ba. A ganinsu Jafan ba ta son ta ga Sin ta haɗe, domin haɗaɗɗiyar Sin za ta tambayi abin da baƙi ke yi a yankin Manchuriya. Aka turo sojoji kimanin 5,000 ƙarƙashin Janar Fukuda Hikosuke, suka sauka Qingdao, suka bi hanyar jirgin nan da Jamusawa suka gina zuwa Jinan, suka kafa shingaye a unguwar 'yan kasuwa da ke yamma da ganuwar tsohon gari.

Chiang ya san haɗarin da ke cikin haɗa runduna biyu masu jin haushin juna a gari ɗaya. Yana buƙatar mutumin da zai tsaya a tsakani, mai jin harshen, wanda ya san halin mutanen, wanda kuma ba a shakkar kishinsa. Aka zaɓi Cai Gongshi, aka naɗa shi kwamishinan hulɗa da ƙasashen waje na lardin Shandong.

Ranar 3 ga Mayu

Janar Zhang Zongchang da ke riƙe da Shandong ya tsere a ƙarshen Afrilu, sojojin Kuomintang suka shiga Jinan ranar 1 ga Mayu ba tare da wani yaƙi ba. Kashegari Chiang ya iso, ya ba Jafanawa tabbacin cewa ba wanda zai taɓa mutanensu, su kuma suka kwashe shingayen. Kowa ya ɗauka an wuce wurin.

Da safiyar 3 ga wata Cai ya tara ma'aikatansa a sabon ofishinsu, wani bene da ke cikin unguwar 'yan kasuwa, wato daidai tsakiyar inda sojojin Jafan suke. Bai jima da zama ba aka fara jin harbi a gari.

Wa ya fara? Har yau kowane ɓangare da nasa labarin. Jafanawa suka ce sojojin Sin ne suka shiga wawashe gidan wani wakilin jaridarsu. Sinawa suka ce wani sojansu ne marar lafiya aka ɗauko za a kai asibiti, sojojin Jafan suka tare hanya, gardama ta kaure, suka buɗe wuta. Ko ma wane ne, kafin azahar faɗa ya game unguwar, aka kashe sojoji da fararen hula ta kowane ɓangare. Sojojin Jafan suka zagaye ofishin Cai, wayar tarho ta katse, ba shiga ba fita. Haka mutum 18 suka yini a ciki.

Abin da ya faru da dare, yawancinsa mun san shi ne daga bakin mutum guda, wani ɗan aiken ofishin mai suna Zhang Hanru, wanda shi kaɗai ya tsira. A yadda ya bayar da labari, sojoji sun fasa ƙofa suka shigo suna cewa daga cikin gidan aka harbi 'yan uwansu, don haka za su yi binciken makamai. Cai ya miƙe ya yi musu magana da harshensu. Ya gaya musu ko shi wane ne, ya ce wannan ofishin hulɗa da ƙasashen waje ne, mutanen ciki ba sojoji ba ne, ba su da hurumin taɓa su ko taɓa takardunsu, ya kuma nemi a kira ƙaramin jakadan Jafan. Ba su saurare shi ba. Suka ɗaure kowa. Da ya ci gaba da yi musu faɗa suka yanke masa hanci da kunnuwa, wasu ruwayoyin sun ce har da harshe da idanu. Duk da haka, in ji Zhang, bai daina magana ba muddin yana iyawa, yana gaya wa mutanensa cewa wannan wulaƙanci ƙasarsu aka yi wa. Daga nan aka riƙa fitar da su tsakar gida ana harbewa. Zhang ya samu ya kwance ɗaurinsa cikin duhu ya tsallake katanga. Cai yana da shekara 47.

Hukumomin sojan Jafan sun musanta wannan labari. Sun ce an harbe su ne daga saman benen, mutanen kuma sun mutu a cikin musayar wuta, ba su san jami'in diflomasiyya ne a ciki ba, zancen yanke hanci da kunne kuwa farfaganda ce.

To wanne za mu ɗauka? Ya kamata ɗalibin tarihi ya san cewa a lokacin yaƙi labari yakan ƙara kumburi a baki, kuma shaidar mutum ɗaya shaidar mutum ɗaya ce. Ya kamata kuma ya san cewa an kashe Jafanawa fararen hula fiye da goma a Jinan a waɗannan kwanaki, wasu ta mummunar hanya, abin da jaridun Jafan suka yi ta yayatawa kamar yadda na Sin suka yayata kisan Cai. Amma a namu ganin bayanin Jafan yana da gurgun baya. Ofishi ne na gwamnati, an zagaye shi tun da rana, shugabansa yana jin Jafananci sarai. Da wuya a ce an yini an kai dare ba a san ko su wane ne a ciki ba. Ko da ma an yi harbin daga benen, wanda ya shiga hannu tsare shi ake yi a bincika.

Rigar da ba ta kare shi ba

Cai ba shi da bindiga. Abin da ya dogara da shi tsohuwar ƙa'ida ce da kusan kowace al'umma ta sani, cewa ba a taɓa ɗan aike ko da saƙon da ya kawo ba shi da daɗi. Waɗanda suka yi karatun Sira a Islamiyya za su tuna cewa Manzon Allah (SAW) ya bar 'yan aiken Musailama sun koma lafiya saboda wannan ƙa'ida, duk da munin abin da suka zo da shi. Dalilin a fili yake, idan aka kashe mai kai saƙo, wa zai kai maganar sulhu ranar da aka gaji da faɗa?

Sai dai rigar da Cai ya sa tana da ɓaraka. A watan Mayun 1928 Jafan da sauran manyan ƙasashe ba su riga sun amince da gwamnatin Nanjing a matsayin gwamnatin Sin ba, ta Bejin suka sani. Da Nanjing ta kai ƙara gaban Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe, wadda ita ce ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarar ba ta je ko'ina ba, domin kujerar Sin a can tana hannun gwamnatin Bejin. Cikakkiyar dokar duniya da ta tattara kariyar jami'an diflomasiyya a rubuce kuwa sai a 1961 aka sa mata hannu a Viyana, shekara 33 bayan mutuwarsa.

Hukuncin da Chiang ya yanke

Labarin kisan ya harzuƙa sojojin Sin, kuma sun ninka na Jafan yawa a kewayen birnin. Da yawa sun so a far musu. Chiang ya ƙi. Lissafinsa shi ne, idan ya tsaya yaƙi da Jafan a Jinan, to ya faɗa tarkon da aka ɗana masa, Bejin ta kuɓuce, haɗin kan ƙasa ya sha ruwa. Ya janye yawancin rundunarsa ta zagaye birnin ta haye Rawayen Kogi ta ci gaba arewa, ya bar 'yan dubbai kaɗan a cikin ganuwa.

Janar Fukuda bai tsaya nan ba. Ranar 7 ga Mayu ya miƙa sharuɗɗa biyar, ciki har da hukunta kwamandojin Sin da kwance ɗamarar sojojinsu da janye su nesa da birnin da hanyar jirgi, ya ce a amsa cikin awa 12. Kashegari ya fara ruwan igwa a kan tsohon gari, ranar 11 ga wata ya kama shi. Alƙaluman da hukumomin Sin ke bayarwa sun ce mutum 6,123 suka mutu, sojoji da fararen hula.

Masana tarihi har yanzu suna muhawara kan wannan hukunci na Chiang. Ta fuskar abin da ya sa a gaba, ya ci riba, domin a watan Yuni dakarun Kuomintang suka shiga Bejin, kafin ƙarshen Disamba kuma Manchuriya ta ɗaga tutarsu. Amma mutanen Jinan ne suka biya kuɗin, suka yi shekara guda cur ƙarƙashin sojojin Jafan. Akwai kuma wata asara da ba a gani nan take ba. Hafsoshin Jafan da ke bakin daga sun ga cewa za su iya yin gaban kansu, gwamnatinsu ta Tokiyo ta biyo su a baya da ƙarin sojoji. Wata guda kacal bayan kisan Cai, ranar 4 ga Yuni, wasu hafsoshin Jafan suka dasa bam suka tarwatsa jirgin ƙasan Janar Zhang Zuolin, mai mulkin Manchuriya. A 1931 suka mamaye yankin baki ɗaya, a 1937 kuma aka shiga yaƙin da bai ƙare ba sai 1945.

Shi kansa Chiang, wanda kamar Cai a Jafan ya yi karatu, abin ya tsaya masa a maƙogwaro. Littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum, wanda aka buɗe wa masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka daga 2006, ya nuna cewa tun daga kwanakin Jinan ya riƙa buɗe rubutun kowace rana da tuna wa kansa wajibcin wanke wannan wulaƙanci, kuma ya ɗauki shekaru da dama yana haka.

An rufe maganar Jinan a hukumance ranar 28 ga Maris, 1929. Jafan ta yarda ta kwashe sojojinta cikin wata biyu, ɓangarorin biyu suka nuna takaicinsu, yarjejeniyar ba ta ɗora wa kowa laifi ba.

Mutum-mutumin da ya kwana a ƙarƙashin ƙasa

Talakawa ba su jira gwamnati ba. A biranen Sin aka ƙaurace wa kayan Jafan, haka ma Sinawa mazauna ƙetare. A Singafo, wani attajiri mai sana'ar roba, Tan Kah Kee, ya jagoranci gidauniyar taimakon mutanen Shandong, aka tara fiye da dala miliyan ɗaya ta kuɗin can, daga manyan 'yan kasuwa har masu jan keke. Su ne kuma suka sa aka ƙera mutum-mutumin Cai na tagulla, wanda tsawonsa ya haura mita 2. Bai samu zuwa Jinan ba a lokacin, sai aka ajiye shi a Singafo. Da Jafan ta zo ta mamaye Singafo ita ma a 1942, aka binne shi a ƙasa don kada a lalata shi, sai bayan yaƙi aka tono shi.

A 2006 aka kai shi Jinan, shekara 78 bayan mutuwar mai shi. Gwamnatin da ta karɓe shi ta Kwaminisanci ce, wato wadda ta kori jam'iyyar su Cai zuwa Taiwan a 1949, amma ita ma tana lissafa shi cikin gwarazan ƙasa. Yana nan a zauren tunawa da ke lambun maɓuɓɓugar Baotu. Benen da aka kashe su ma yana nan tsaye, an mayar da shi gidan tarihi, ana kai 'yan makaranta. Duk ranar 3 ga Mayu kuma ana busa jiniya a faɗin birnin.